Haruffa Uku a Gefen Taya

Ku samarin nan masu keke napep da kuke cika mini benci da hantsi, kuna tsammanin ƙarar inji ta hana ni jin ku. Ina ji sarai. Kun ce faci ba sana'a ba ce, wai jona tiyo ne kawai a tayar da inji, iskar ma ta Allah ce, kyauta muke samu mu sayar muku. To madalla. Tun da ta Allah ce, gobe in tayarka ta sace sai ka durƙusa ka hura da baki. Ni ne Haruna, wanda rabin Lafiya ta sani da Haruna Makzimom, kuma yau zan gaya muku inda na samo sunan, da yadda ya kusa raba ni da wannan rumfar da kuke miƙe ƙafa a cikinta.

Aikin farko da aka ba ni a wurin ubangidana, Oga Iliya, shi ne neman ramin da iska ke bi. Oga Iliya mutumin Eggon ne, gajere mai faɗin ƙirji, rumfarsa tana bakin hanyar da motocin doya ke bi in sun taso daga Assakio. Ya miƙo mini tub ɗin wata babbar mota ya ce in tsoma a baho. Na tsoma, na ga kumfa a wuri ɗaya, na soka tsinken ashana a wurin, na kai masa ina washe baki. Aka liƙe, aka mayar da taya, aka ɗaure. Motar ba ta ɓace mana da gani ba ta sake zama. Ashe ƙusa ce ta huda tub ɗin gaba da baya, kuma tana nan maƙale a cikin tayar tana jiran mu. Direban ya zagi Oga, Oga ya juyo ya sauke a kaina. Daga ranar ban ƙara mayar da tub ba sai na zagaya shi duka a ruwa, na kuma lalube cikin taya da tafin hannu.

A lokacin facin wuta ake yi. Ka karce wurin ramin ya yi kaushi, ka shafa gam, ka ɗora ɗanyen roba, ka danne shi da tsohon fistin mota a cikin matsi, sannan ka zuba kananzir a kwarin fistin ka kunna ashana. In wuta ta yi kaɗan, facin ya ɓare a hanya. In ta yi yawa, tub ya narke, ka shiga uku da mai mota. Ba agogo ake dubawa ba, warin robar ake ji. Cire taya daga wili kuwa, da guduma ne da ƙarafa biyu masu faɗin baki, kuma ba wanda ya koya ba tare da farcensa ya yi baƙi ya faɗi ba. Nawa sau uku.

Abu ɗaya ne babu a rumfarmu, shi ne geji, abin auna iska. Oga Iliya cewa yake, "Geji na yana nan," ya nuna kunnensa. Sai ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa taya. In ta ce dum, tana jin yunwa. In ta ce kau, ta ƙoshi. Amma direbobin doya ba sa yarda da kau ɗin farko. So suke ta yi ƙara kamar an bugi turmin ƙarfe, har sifanar ta yi tsalle ta dawo. Haka na koya, haka duk masu facin garin nan suke yi, kuma muna alfahari da shi.

Wata rana da azahar tayar wata a-kori-kura ta tashi a hannun Oga. Yana tsugune a kanta riƙe da bakin tiyo, mai motar kuwa yana can nesa a inuwar mangwaro yana shan rake yana cewa, "Ƙara! Ƙara kaɗan!" Ni ina bayan rumfa ina wanke baho, sai na ji kamar an ɗaga ƙasa an sake ta. Oga ya rayu, amma ya bar yatsu biyu a wurin. Da ya warke ya ce aikin maƙiya ne, kowa ya ce haka ne, aka yi ta addu'o'i. Ni ma na yarda, don ban san wani dalili ba.

Shekarar da aka yi mana jiha aka yaye ni. Ciyaman ɗin tasharmu, wani dattijo da ya yi tuƙi har idonsa ya gaji, ya ba ni wuri a bakin ƙofa, nan ɗin da muke zaune. Duk motar da za ta shiga ko ta fita sai ta wuce ta gabana. Garin kuma ya cika da ma'aikatan gwamnati da aka dawo da su daga Jos, kowa da 'yar ƙaramar motarsa mai taya marar tub. Na sayi tsohon inji mai tankin iska, na yi masa fenti ja, na ji duniya ta zama tawa.

Wata safiya wata ma'aikaciya mai suna Madam Rahila ta tsaya da 'yar motarta ta ce in ƙara mata iska. Babbar mace ce, ta isa ta haife ni, tana kiwon kaji a bayan gida bayan aikin ofis. Na ce yau zan nuna gwaninta. Na ɗura wa tayoyin nan huɗu iska irin ta motar doya, ina ƙwanƙwasawa da sifana ina gyaɗa kai. Ta yi godiya ta tafi. Kafin azahar sai ga ta ta dawo, ta fito ta buga ƙofa.

"Yaro na, me ka sa ma taya na? Siminti?"

"Iska ce, Madam. Mai kyau."

"Mai kyau! Mota yana tsalle kamar akuya tun daga nan har gida. Na ɗauko kiret na ƙwai zan kai ma kwastoma, rabi ya zama miya. Zo ka gani da ido naka."

Na leƙa bayan motar, na ga abin da na gani. Na shirya jin zagi, amma sai ta buɗe aljihun gaban mota ta ciro wani abu kamar biro, ta ce gejin maigidanta ne. Ta danna shi a bakin taya. 'Yar sandar da ke ciki ta fito fit, gaba ɗaya, har lambobin jikinta suka ƙare. Madam ta dube ni, ta dubi sandar, sai dariya ta kama ta har ta dafa mota.

Sannan ta ce in tsuguna. Ta tofa yawu a yatsa ta goge gefen tayar, ta nuna mini wasu ƙananan haruffa da ke fitowa a jikin robar. Ni makarantata ba ta yi nisa ba, amma na san baƙaƙen boko.

"Karanta."

"M, A, X."

"Yawwa. Makzimom ke nan, an gajarta shi. Turanci ne. Yana nufin ƙarshe na sama, wurin da ba a wucewa. Ka ga lamba a gaba nashi? Arba'in da huɗu. Masu yin taya sun ce in iska ya wuce nan, babu ruwansu, kai da Allah naka."

"To Madam, daga yau sai in riƙa kai kowa nan ɗin."

"A'a! Kai! Ɗaki naka yana da silin, ko? Don silin yana wurin, sai ka riƙa tsalle kana buga kai a jiki nashi?"

Ta ja ni zuwa ƙofar direba, ta nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙarfen, mai ɗauke da lambar da ba ta kai waccan ba. Ta ce wannan ita ce abincin motar na yau da kullum, waccan ta gefen taya kuwa ita ce inda ciki ke fara fashewa. Muka zagaya muna sace iska har motar ta sauko ta zauna kamar ta mutane. Ba ta ce in biya ƙwai ba. Ta ce in sayi geji, kuma in ta sake zuwa ba ta gan shi ba, a nan za mu yi maganar ƙwai.

Na sayi geji babba washegari, sai kuma wani abu kamar zazzaɓi ya kama ni. Ashe haruffan nan uku suna ko'ina, ni ne ban da ido. Suna jikin kowace taya da ke jibge a rumfata. Suna jikin jak. Suna jikin sandar duba baƙin mai, suna jikin butar lantarki ta mai shayin tasha. Na riƙa bin motocin mutane ina tsugunawa ina goge taya da yawu, har wani ya ɗauka kuncen wili nake shirin yi. A gida na ce wa mai ɗakina barkonon miyarta ya wuce makzimom, ta ce gobe in zo in dafa da geji. Mai aski ya matsa mini reza, na ce masa ya kai makzimom. In mai shayi ya cika surutu, makzimom. Ba a yi wata ɗaya ba sunan ya manne mini, ni kuma ina amsawa da murna kamar an naɗa ni sarauta.

Na kuma ɗauki gejin na tafi wurin Oga Iliya. Na goge masa gefen wata taya na yi masa bayani kamar yadda Madam ta yi mini. Ya daɗe yana shafa haruffan da yatsun da suka rage masa. Can ya ce, "Tun ina saurayi nake taɓa wannan rubutu. Na ɗauka sunan kamfani ne." Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya kama ni, don a ranar na gane cewa maƙiyan da suka ci yatsunsa suna nan a tankin injina. Na dawo na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara wuce lambar nan ba, ko tayar wane ne.

Ma'aikata sun so ni saboda haka, amma ma'aikata ba kullum suke faci ba. Abincin mai facin tasha yana hannun direbobin doya da agushi, su kuwa nan aka yi ta. Babbansu a baki shi ne Terkula, wani dogon Tibi mai dariya kamar tsawa, wanda ke lafta wa a-kori-kurarsa doya har hancinta ya riƙa duban sama. Ya kawo taya, tsohuwar 'yar Beljiyam, wato gwanjon Turai, da ta sha duniya. Na hura, na auna, ta kai sittin da biyar ɗin da ke rubuce a jikinta, na cire tiyo. Ya ƙwanƙwasa da makulli ya ɓata fuska.

"Haruna, wannan biredi ne. Sa iska."

"Oga Terkula, ta kai makzimom. Duba nan."

"Makzi wetin? Oyibo, bature wanda ya rubuta wannan, ya taɓa ɗauka doya? Ya san hanyan Assakio? Taya na ne, ba taya na baba naka ba. Sa iska!"

Na ƙi. Ya ɗaga tayarsa ya gangara da ita tsallaken titi, inda wani mai faci ya ɗura masa har ransa ya yi daɗi. Su a ganinsu taya mai tauri ta fi ɗaukar kaya, ƙusa ba ta shigarta, kuma mota ba ta shan mai. In ta fashe a hanya, ramin titi ne, ko zafin rana, ko maƙiya.

Sai ga shekarar wahalar mai ta zo ta same mu a haka. Layin gidan mai ya yi tsawo har ba a ganin ƙarshensa, kowane direba yana neman dabarar da zai ja galan ɗaya ya kai shi nesa, saboda haka son taya mai tauri ya zama kamar addini. Ɗaya bayan ɗaya suka tsallaka titi. Ni da ke bakin ƙofa na koma facin baro da hura ƙwallon 'yan makaranta. Ɗan man da na samu na inji sai ya kwana uku ban taɓa shi ba. Direbobi in za su wuce sai su leƙo ta taga su yi ihu, "Makzimom! Yunwa ya kai makzimom?" Ina dariya ina ɗaga musu hannu, amma maganarsu ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Ana cikin haka Ciyaman ya aiko a kira ni. Ya ce, "Haruna, ni na ba ka wurin nan, kuma ba ni da ƙorafi a kan halinka. Amma ƙofar tasha ta mai yi wa direbobi aiki ce, ba ta mai yi musu wa'azi ba. Sun kawo ƙara. Jibi ranar kasuwa Terkula zai kawo taya a gabana. In ka yi masa yadda yake so, ka zauna. In ka ƙi, na tsallake ya dawo nan, kai kuma ka nemi wani wuri."

Na ce, "To, Baba." Me zan ce? Gaskiya na ji tsoro ƙwarai. Wani wuri a garin da kowane lungu ya riga ya samu mai faci, ai sallama ce. Gonar gidanmu kuma an riga an raba, ba wanda ya ajiye mini ko kunya ɗaya. Kwana biyu ina juya maganar, kuma duk inda na juya sai in ga mai raken nan a inuwar mangwaro yana cewa a ƙara, Oga kuma a tsugune.

Ranar kasuwa da hantsi tasha ta cika maƙil. Aka kawo wa Ciyaman kujera. Terkula ya gangaro da tayarsa yana rawa, direbobi na binsa a baya, masu sayar da lemo da dafaffen ƙwai duk suka matso kallo. Na kwantar da tayar a ƙasa, na tayar da inji, na hura, na auna, na kai wa Ciyaman gejin har gabansa, na kuma nuna masa lambar da ke gefen taya. Ya ce ya gani, sun yi daidai.

Na ce, "Baba, na yarda zan ƙara masa. Ko nawa yake so. Amma ina da roƙo ɗaya. Kullum mu ne a kan taya, mai ita yana can nesa yana ba da umarni. Yau ya zo ya zauna a kanta. Ni zan maƙala tiyo in koma wurin inji. In ta yi masa yadda yake so, sai ya ce ya isa."

Sai aka kwashe da shewa. Ciyaman ya shafa gemu ya ce, "Wannan ai ba roƙo ba ne, adalci ne. Terkula, tayarka ce. Bismillah."

Terkula ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Baki ya riga ya yanka wuya. Ya buga ƙirji ya ce, "Ni? Na zauna a kan abin da ya fi taya!" Ya gyara wando ya zauna daram, ya harɗe hannuwa. Na maƙala bakin tiyo a tsakanin ƙafafunsa, na koma wurin inji na ƙara masa wuta har rumfa ta ɗauki rawa.

"In ci gaba, Oga Terkula?"

"Ci gaba!"

Jama'a suka fara ja da baya. Waɗanda suka rako shi da rawa su ne suka fara laɓewa a bayan motoci. Ciyaman da kansa ya ja kujerarsa kaɗan, ya ce wai rana ce ta same shi.

"In ci gaba?"

"Ci... ci gaba."

Hannuwan da ya harɗe suka sauko suka dafa gwiwa. Gumi ya fara bin wuyansa. Na lura mazaunansa sun daina taɓa robar sosai, ƙafafunsa ne ke ɗauke da shi, kamar mai shirin tashi a gidan suruki. Ya ce, "Haruna, yana kumbura fa." Na ce, "Ai abin da kake so ke nan." Ya ce, "Yana motsi!" Na ce, "Doyar Assakio ba wasa ba ce, Oga, sai da tauri."

Sai aka ji fuuus, da ƙarfi, kamar an yanka cikin iska da wuƙa.

Ban taɓa sanin mutum mai tsawon Terkula yana iya tashi sama haka ba. Ya tsallake tayar, ya tsallake bencin nan, ƙafarsa ɗaya ta faɗa bahon ruwa, ya bar takalmin a ciki, bai tsaya ba sai da ya kai tsallaken titi, daidai rumfar abokin hamayyata, yana ihu, "Ya isa! Ya isa! Yesu! Kashe inji!" Mai lemo ta zube a ƙasa don dariya, lemonta na gangarawa ba ta ko kula ba. Ciyaman ya yi ta tari yana share hawaye da hularsa. Tayar kuwa tana nan kwance lafiya lau.

Da ya samu numfashi, Ciyaman ya miƙe ya yanke hukunci. Ya ce Haruna yana nan a ƙofarsa. Kuma daga yau, a wannan tasha, duk direban da ke son a wuce lambar da ke gefen taya, ba a hana shi ba, amma sai ya zauna a kai, ko a wurina ko a tsallake. Na tsallaken ma ya fi kowa murna da dokar, don shi ma yatsu goma gare shi kuma yana son su. Daga ranar zuwa yau an yi ta cika baki a ƙofar nan, amma ban ga wanda ya zauna ba.

Yanzu ga abin da ban faɗa a tasha ba. Lokacin da na koma wurin inji na ƙara masa wuta da hannun dama, da hannun hagu na murɗe famfon da ke bakin tanki na rufe shi ruf. Ko numfashin sauro bai shiga tayar nan ba bayan na auna ta. Ni ne zan ɗora mutum a kan abin da ya ci yatsun ubangidana saboda rumfa? Iskar duk a tanki ta taru, shi kuma tanki yana da nasa makzimom ɗin, da wani ɗan bawul a samansa da ke hucewa da kansa in an kai wurin. Shi ne ya yi fuuus ɗin.

Terkula ya dawo ya zama babban kwastomana, kuma shi ne yanzu ke yi wa sabbin direbobi faɗa a kan iska. Har yau yana ba da labarin a tasha, yana rantsuwa cewa ya ji tayar tana kumbura a ƙarƙashinsa, tana ɗaga shi sama a hankali, har ƙafarsa ta bar ƙasa. In ya kai nan sai ya juyo ya ce, "Haruna, ƙarya nake yi?"

Ni kuwa sai in ce, "Oga Terkula, ai kai ka zauna a kai. Ka fi ni sani."